Ragon da Aka Hana Ciyawar Feshi

Ni ne na yi kuskure, ba matata Hajara ba. Gara in faɗa tun daga farko, domin na san halina. Idan na shiga labarin hamada da irin wahalar da na sha, sai in manta da laifina in koma yabon kaina. Kuma zan yabi kan nawa, kada a ce ban faɗa ba. Amma a riƙe wannan tukuna.

Sunana Habu, ƙauyenmu yana kusa da Sule Tankarkar. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo. Tun ina saurayi nake goya tankin feshin maganin ƙwari, kuma daga yankinmu har Gagarawa babu gonar wake ko ta kankana da ba ta san tafiyata ba. Ba na dama magani da sanda. Hannu nake tsomawa har gwiwa, don in ji ya haɗu. Idan bakin famfo ya toshe, in sa bakina in hure shi. Idan na tashi, in sha nono kwano guda, domin haka muka gada: nono yana wanke dafi. Ban taɓa kwanciya ciwo ba, kuma da wannan nake tinƙaho.

Ɗanmu na fari, Auwalu, bai yi tafiya da wuri ba. Ƙirjinsa yana kuka ko ba mura. Sa'anninsa suka fara zagin juna, shi kuwa kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Idan ya gan ni, ba ya cewa Baba. Sai ya ɗaga hannu yana bugawa kamar mai famfo, ya ce, "Fush, fush." Mun kai shi asibiti a Gumel, aka ba mu magani, aka ce mu yi haƙuri mu riƙa yi masa magana.

Wata Alhamis ina kara, wurin cinikin dabbobi, a kasuwar Maigatari, wani dillali ya tambaye ni jikin yaro. Wani kuma ya ce, "Kai Habu, da ƙarfinka kamar ingarma, ta ina abin ya ɓullo?"

Na ce, "Ku da kuke sana'ar dabbobi ai kun sani. Idan ɗan tunkiya ya fito da nakasa, wa yake tuhumar lafiyayyen rago? Garken da aka ɗauko uwar ake bincika."

Aka kwashe da dariya. Da na waiwaya, sai ga Yaya Sale, wan Hajara, tsaye a bayana da igiyar wani sa a hannu. Kafin mako ya zagayo Hajara tana gidansu a Gagarawa da yaro, maganar ta cika gari, har masu neman ƙanwarta sun ɗauke ƙafa. Mahaifinta, Malam Sabo, ya aiko mini cewa ba saki yake nema ba. A kasuwa na faɗa, a kasuwa zan janye. Ni kuwa na ce ban ga abin janyewa ba. Na ɗauki jakata na tsallaka iyaka.

A tashar Damagaram na haɗu da Laminu, wani siririn Badamagare mai ƙaramar rediyo a rataye a wuya. Ya taɓa zuwa Aljeriya, yana jin Faransanci da ɗan Larabci, kuma bakinsa ba ya hutawa.

Ya ce, "Ɗan Najeriya, me ka iya?"

Na ce, "Feshi."

Ya ce, "To ka samu aiki. Shi ne aikin da kowa yake gudu."

Na ɗauka yabo ne.

A Agadas muka faɗa hannun wani mai masauki mai daɗin baki. Ya rantse mana cewa gonar dabino za a kai mu, ɗaki da fanka, nama kullum. Shi ya sayar mana da jarkokin ruwa naɗe da buhu. Ina buɗe tawa na gane warin, domin hancina ya san shi fiye da warin turare: tsohuwar jarkar maganin ƙwari ce aka ɗauraye. Laminu ya yi cilli da tasa ya je ya nemo wata. Ni kuwa na ɗaga tawa na kwankwaɗa a gabansa.

Na ce, "Mu da shi tsofaffin abokai ne."

Ya ce, "Allah Ya raba ni da irin abokanka."

Hamada ba ta misaltuwa ga wanda bai shiga ba, don haka ba zan tsawaita ba. An loda mu a bayan mota kamar buhunan riɗi, kowa ya rungumi sandar da aka kafa a jikin motar don kada ya faɗo. Kusa da iyakar Aljeriya direba ya sauke mu, ya nuna mana wani tudu ya ce gari yana bayansa, ya juya. Babu gari a bayan tudun, sai wani tudun. A nan na gode wa Allah da Ya yi ni manomi. Wani ɗan birni ya zube, na ɗora jakarsa a kan tawa, na sa shi a gaba ina tsokanarsa har ya tashi don haushi. Wata tsohuwar Buzuwa da muka iske da raƙumanta ta ba mu nono da dabino. Ta dubi yadda na naɗa rawani ta yi ta dariya, sannan ta warware ta naɗa mini da hannunta kamar ɗanta. Ba ta ji yarena, ban ji nata ba. Har yau ina sa ta a addu'a.

Da ƙyar muka kai Tamanrasat, daga nan aka wuce da mu arewa, zuwa gonar da ba ta da dabino ko ɗaya. Rumfunan leda ne dogaye, jere har ƙarshen gani, cike da tumatir da tattasai. Ka shiga da hantsi, gumi ya cika maka takalmi. Ɗakin da aka yi mana alkawari shi ne ma'ajiyar magani. A tsakanin jarkoki muke shimfiɗa, burodinmu ma warin yake yi. Mai gonar, wanda muke kira Alhaji kawai, ya ce albashi sai an yi girbi. Da aka yi girbi ya ce sai an sayar.

Duk da haka na riƙe wuya. Kafin wata ya ƙare na zama shugaban masu feshi. Rumfar da mutum biyu suke wuni a ciki, ni kaɗai nake gamawa kafin azahar. Larabawan maƙwabta suna zuwa kallon baƙin da yake dama magani da hannu. Alhaji ya riƙa dafa kafaɗata a gabansu kamar mai nuna dokinsa, ni kuma ina jin daɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kewa. Burodi da safe, burodi da rana. Na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka har na gaji. Kuma duk sanda na buga famfo ya ce fush, sai in ga hannun Auwalu. Nakan kira mahaifiyata a waya, ta ce yaro yana nan, Hajara tana nan, ba wanda ya ce in gaishe ka. Sai in ce ai ban tambaya ba.

A bayan rumfunan akwai garken tumaki, kuma a gefe, cikin shingensa shi kaɗai, akwai ragon barbara. Ni ɗan yankin Maigatari ne, na ga raguna a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Fari tas, wuya kamar turmi, yana tafiya kamar mai sarauta. Yana da inuwarsa, da ruwansa, da abincinsa na saye. Na ƙaunace shi. Idan na gama feshi sai in ciro ɗanyar ciyawar da take fitowa a gindin tumatir, in kai masa, ina yi masa hira da Hausa.

Wata Juma'a da hantsi ina miƙa masa ciyawa sai na ji ihu. 'Yar Alhaji ce, likitar dabbobi, wadda take zuwa daga gari duba garken. Ta fizge ciyawar daga bakin rago, ta sansana, ta yi wurgi da ita waje, tana ta faɗa da Faransanci. Laminu ya rugo.

Ya ce, "Ɗan Najeriya, ka jawo mana. Lokotoro, likitar nan, ta ce wa ya ce ka ba shi ciyawar feshi? An kusa sakinsa a garke. Ta ce watanni ke nan tana tsare bakinsa."

Na yi dariya. Na ce, "Gaya mata ta dube shi. Tun yaushe nake ba shi, ko atishawa bai yi ba."

Ya faɗa mata, ta amsa. Ya ce, "Ta ce ba lafiyarsa take ji ba. 'Ya'yan da zai haifa take ji."

Na ce, "Ikon Allah. Shi ne zai ɗauki cikin? Ta je ta tsare tumakin mana."

Da Laminu ya fassara, ta tsaya ta dube ni. Idonta ya sauka a hannuna na dama, wanda fatarsa ta koɗe har gwiwa. Faɗan ya bar muryarta. Ta miƙa hannu ta karɓi rediyon Laminu, ta kunna.

Abin da ta ce, kamar yadda Laminu ya juya mini shi, ga shi. Kowane ɗa yana gadon ƙwayoyin halitta, rabi daga uwa, rabi daga uba. Su ne kamar tashoshin rediyo, duk suna ciki. Amma ba duka suke magana lokaci ɗaya ba, kuma ba da murya ɗaya ba. Akwai wasu ƙananan alamomi a jikinsu da suke cewa wannan ta yi ƙarfi, wannan ta yi ƙasa, wannan ta yi shiru sai lokacinta ya zo. Ta murɗa rediyon ya cika wurin da ƙara, ta sake murɗawa har ba a ji. Ta ce tashar ba ta canja ba, amma abin da ya iso kunne ya canja. Ta ce irin namiji kullum sabo ake ƙerawa a jikinsa, yana ɗaukar kusan wata biyu zuwa uku kafin ya nuna. Abin da ya sha, ko ya shaƙa, ko ya ratsa fatarsa a wannan tsakanin yana iya taɓa alamomin nan. Shi ya tashi garau, amma ya miƙa wa ɗansa rediyon da aka riga aka murɗa.

Na ce, "Wannan a rago ne."

Ta ce a dabbobi masu bincike sun gani, a mutane ana kan dubawa, kuma abin da aka gani ya isa mai hankali ya yi hattara, mace ko namiji, tun kafin a yi ciki.

Na ce, "To ai muna shan nono."

Laminu bai ma gama fassarawa ba ta girgiza kai. Ta ce nono abinci ne, ba ya bin dafi cikin jini ya fito da shi.

Na dafa shingen. Na ce wa Laminu ya gaya mata ina da yaro, ga yadda yake, ga shekarun da na yi ina feshi kafin a haife shi. Ta faɗa mini gaskiya, ni ne?

Ta ce ba za ta iya cewa ba, kuma babu likitan da zai iya. Irin wannan lalura tana da ƙofofi da yawa, wasu ma ba a san su ba. Wanda ya ce mini lallai daga gare ni ne ya faɗi abin da bai sani ba. Wanda kuma ya ce daga uwarsa ne, shi ma ya faɗi abin da bai sani ba.

Laminu ya dube ni, domin ya san labarin kara, na taɓa ba shi ina dariya.

Ragon ya zuro kai yana neman sauran ciyawa a hannuna. Na dube shi, na dubi inuwarsa, na dubi ma'ajiyar da muke kwana. Na ce, "Laminu, tambaya ɗaya ta rage. Ka ce mata mu ma maza ne, akwai masu mata a gida, akwai masu shirin aure. Ragon nan ya fi mu ne?"

Ya ce, "Kai, so kake a kore mu?"

Na ce, "Faɗa mata yadda na faɗa."

Ya faɗa. Fuskarta ta yi ja. Ta mayar masa da rediyonsa ta shiga mota. Juma'ar da ta biyo sai ga ta da kwali: safar hannu ta roba, takunkumi mai matatar iska, tabarau, da riguna masu haɗe da wando. Da kuɗinta ta saya. Ta tsaya ta nuna mana yadda ake sawa, da yadda ake cirewa ba tare da an taɓa wajen ba.

Alhaji ya hau sama. Ya ce kayan za su rage mana sauri, kuma ba zai gina wa baƙi otal ba. A nan ne na yi abin da har gobe nake alfahari da shi. Na sauke tankina a gabansa. Sauran suka ga shugaba ya sauke, suka sauke. Na ce ba mai shiga rumfa sai an fitar da mu daga ma'ajiyar magani, an ba mu wurin wanka, kuma an daina tura mutane tsinkar tumatir alhali ganye bai bushe ba. Ya yi barazanar kiran jandarmomi. Na ce ya kira, su zo su yi masa feshin. Tsutsa tana cin tumatir, ba ta jiran kowa. Kafin a yi nisa ya buɗe mana wani ɗaki kusa da garke. Laminu ya ce, "Barka, mun samu ƙarin girma, mun zama maƙwabtan rago."

Ni dai ban sake goya tanki a can ba. Na koma lodin kwanduna, aikin da ya fi wuya kuma ya fi ƙarancin lada. Na koya wa wanda ya gaje ni dama magani da sanda, ni da nake yi wa masu sanda dariya. Na zauna har watannin da likitar ta faɗa suka wuce, na ƙara wasu a kai don kaina. Da na ce zan tafi, Alhaji ya ba ni abin da ya ga dama, ya ce sauran ya tafi a yajin aiki. Ban tsaya jayayya ba. Na je na shafa wuyan ragon, na rungumi Laminu.

Ya ce, "Ɗan Najeriya, idan ka je karar nan ka ɗaga murya. Ranar da ka ɓata ai ba raɗa ka yi ba."

Ban sauka a gidanmu ba. Na daidaita tafiyata ta faɗa ranar Alhamis, na sauka a Maigatari da jakata, na nufi kara rana tsaka, lokacin da ciniki ya yi zafi. Dillalan suna nan yadda na bar su. Yaya Sale yana nan, da igiya a hannu. Ya gan ni ya kau da kai.

Na hau tudun da ake lodin shanu. Na ce, "Jama'a, salamu alaikum! Wanda ya san Habu mai feshi ya matso!"

Suka matso, wasu sun ɗauka tsaraba na kawo. Na ce, "A nan wurin na ce garken su matata ake bincika. Na faɗi abin da ban sani ba. Na je ƙasar da ake hana rago ciyawar feshi saboda 'ya'yan da bai haifa ba tukuna. Ni kuwa shekara da shekaru ina iyo cikin magani, sannan na buɗe baki na ɗora wa gidan mutane. Ban san daga ina lalurar ɗana ta fito ba, Allah ne masani. Amma idan bincike za a yi, da ni za a fara. Gidan Malam Sabo ba su da aibi. Wanda ya kai waccan maganar gida, don Allah ya kai wannan ma."

Dillalin da ya fara tsokanata a wancan karon ya ce, "Yau kuma rago ne yake kai ƙarar kansa?"

Na ce, "Shi ne. Kuma kai ma ka daina hure famfo da baki, na san ka."

Aka yi dariya, amma ba irin waccan ba. Yaya Sale ya zo ya tsaya a gabana. Ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙo mini igiyar san ya ce, "Riƙe min wannan, in kira Baba."

Washegari da hantsi na isa Gagarawa. Na durƙusa a zaure gaban Malam Sabo. Ya ce labari ya riga ni, shi nasa ya wuce, amma ba shi na fi ɓata wa ba. Ya nuna mini ƙofa.

Hajara tana tsakar gida tana ɓarar zoɓo, yatsunta jawur. Auwalu yana gefenta, ya yi tsawo. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Fush, fush." Sai ya ƙara da wata kalma, a hankali, kamar mai ɗauko kaya mai nauyi: "Baba." Ita ta koya masa, alhali ba na nan, alhali ban cancanta ba. Ban taɓa jin girmana kamar a wannan lokacin ba, ban kuma taɓa jin ƙanƙantata kamar haka ba.

Na fara ba ta labarin likita da rediyo. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, sai da Balarabiya ta faɗa sannan ka yarda? Wa yake wanke rigunan feshinka? Hannuna har saɓa yake yi. Ina da cikin yaron nan nake wankewa, a ɗakinmu kake rataye tanki. Na ce maka warin yana sa ni jiri, ka ce raki ne."

Ban taɓa tuna wannan ba, ko a hamada, ko a gaban rago. Na ajiye jakata na zauna a ƙasa, a inda ɓawon zoɓon yake zuba.

Na ce, "Hajara, ban zo da hujja ba. Kin faɗa ban ji ba, na shigo miki da dafi har ɗaki, sannan na kai sunanki kasuwa na haɗa da dabbobi. Yaron nan namu ne, yadda Allah Ya ba mu shi, kuma ba ni da abin da na fi alfahari da shi. Idan kin koma, tanki ba zai ƙara ƙetare ƙofarmu ba, rigar aiki ni zan wanke. Idan ba ki koma ba, ban ga laifinki ba. Ni na yi kuskure. Ki yafe mini."